Kwalbar Jinin Ɗangoggo

Akwai wani irin girman kai da ba ya zuwa da babbar riga ko ɗaga murya. Shi ne wanda ke hana mutum ya buɗe baki ya ce, "Ban tabbata ba, bari in sake dubawa." Na ga masu shi a masallaci, na gan su a coci, na gan su a bakin sikeli a kasuwa. Wanda zan ba ku labarinsa farar rigar ma'aikatan lafiya yake sawa, kuma Allah ya ba shi sani na gaske. Sanin bai tsare shi ba.

Da damina ne, a Gwagwalada. Ɗangoggo, wani Bakatsine da ya tsufa a layin 'yan doya, ya ji ƙirjinsa ya ɗaure yana cikin sauke kaya. Aka kai shi wani ƙaramin asibitin unguwa. Likita ya ɗebi jininsa ya aika wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa da ke bayan kasuwa, wanda kowa ke kira lab. Sakamako ya dawo cewa zuciya lafiya lau. Aka ba shi maganin gyambon ciki, aka ce ya je gida ya huta. Washegari da hantsi ya faɗi a rumfarsa, tsakanin tarin doya, bai sake tashi ba.

Ƙanwarsa Indo nas ce a Nyanya. Bayan jana'iza ta je lab ɗin ta ce ta san sukan ajiye ragowar jini a firji na 'yan kwanaki, tana so a ba ta na yayanta ta kai wani wuri a sake aunawa. Shugaban wurin, Oga Godfrey, ya ce ta dawo Litinin. Ya ƙara mata da cewa injinsa ba ya kuskure. In akwai abin da ya lalace, to a tambayi Innocent, mai babur ɗin da ke ɗauko musu jini daga asibitoci, don an taɓa yi masa faɗa kan barin akwatin ƙanƙara a rana.

Litinin da safe aka tarar da tagar baya a fashe. Ba a taɓa kwamfuta ba, ba a taɓa komai mai tsada ba. Jeren kwalaben jini na ranar da aka auna Ɗangoggo ne kawai ya yi ƙafa. A ƙarƙashin tagar, inda rufin kwano ya kare ƙasa daga ruwan da aka sheƙa Lahadi da yamma, ga sawun takalmin roba guda ɗaya, irin dogon nan da masu babur ke sawa da damina.

Kafin azahar 'yan sanda sun ɗauke Innocent. Sun kyauta da suka yi sauri, don 'yan layin doya sun riga sun kewaye shi, wani har ya fara kwance tiyon man babur ɗinsa.

*

Alhaji Nasrullahi, shugaban 'yan doya, shi ya aika a kira Yamusa. Yamusa dattijo ne ɗan Gbagyi, maharbi tun yana saurayi, kuma duk wanda aka sace wa saniya ko babur a yankin ya san hanyar gidansa. 'Yan sanda ma sukan neme shi in abu ya cije musu.

"Baba Yamusa, aikin kaɗan ne," in ji Alhaji. "Ga sawu, ga takalmi an samo a siton lab ɗin, nasa ne, bai musa ba. Ka duba ka ce mana ƙafarsa ce, mu je mu ba da shaida a kai shi kotu."

Yamusa ya tsugunna. Ya daɗe. Ya zagaya ta ɗaya gefen don rana ta bugi sawun ta baya, ya sa tsinke ya taɓa zurfin dunduniya, ya taɓa wajen yatsu. Ya ga kamar wajen yatsun bai nutse yadda ya kamata ba. Amma laka ce, mutum yana iya zamewa, ƙasa tana iya kumbura bayan an taka.

"Takalmin yana iya zama shi," ya ce.

"Ƙafar fa?"

"Ban tabbata ba."

Aka yi gunaguni. Musaddiq, wanda rumfarsa ke jingine da ta mamacin, ya ce, "A haɗa wa Baba kuɗin tabarau mana. Ko jikana ya san wannan sawun takalmi ne."

"Jikanka ya je ya ba da shaida," in ji Yamusa, bai ko ɗago ba. "Alhaji, sawu ɗaya ne a laka. Ƙafa guda, in ta taka laka girmanta daban, in ta taka yashi girmanta daban. Ban taɓa kiran sunan mutum a kan sawu ɗaya ba. Ka ba ni lokaci in samo masa 'yan uwa."

Alhaji bai ji daɗi ba, amma ya ce za su riƙe shaidarsu zuwa jibi.

*

A ofishin 'yan sanda aka fito wa Yamusa da Innocent, ba riga, leɓensa a fashe. Magidanci ne, mutumin gabas, Hausarsa ta tasha ce.

"Baba, wallahi ni bai shiga wurin ba. Takalmi yana zama a sito, kowa ya sani. Sai ruwa ya sauko nake ɗauka."

"Lahadi da safe kana ina?"

"Ina kan hanya, ina ɗaukar fasinja. Wa zai tuna fuskar ɗan acaɓa?"

"An ce kana barin jini a rana."

Innocent ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya, bara. Na tsaya cin abinci. Oga ya yi mini ihu, na ce sorry. Amma ranar Baba Ɗangoggo, likita ya ce mini na zuciya ne, ko tsayawa ban yi ba. Ƙanƙara tana nan da ƙarfi na kai. Mutumin nan yana ba matata doya kyauta in ta fashe. Me zai sa in kashe shi?"

Yamusa ya sunkuya. Ƙafafunsa yake kallo. Manya ne, faffaɗa, babban yatsan ya yi gaba kamar mai neman faɗa.

"Wannan ƙafa taka, ina kake samun takalminta?"

"Da wahala, Baba. Wancan ma yana matse ni."

Yamusa ya tashi. Bai yi masa alƙawarin komai ba.

*

Cikin lab ɗin akwai sanyi kamar bakin rafi da asuba. Injin ya cika rabin ɗaki, kwalabe na shiga ta gefe a jere suna fita ta ɗaya gefen, wata siririyar allura na sauka tana tashi ba hutu. Khairat, mataimakiyar Oga Godfrey, 'yar Zariya, ita ke tsaye a gabansa.

"'Yata, ni ban yi boko ba," in ji Yamusa. "Ki gaya mini me wannan abu yake nema a jinin mutum, yadda za ki gaya wa kakanki."

Ta ce, "Baba, in zuciya ta ji rauni takan zubar da wani furotin cikin jini, ɗan kaɗan ƙwarai. Injin yana tsotsar ɗigo ya haɗa da wani sinadari da ke kama wannan furotin shi kaɗai, sai abin ya ba da ɗan haske. Hasken yake karantawa ya mayar lamba. Jinin ɗaruruwan mutane yake aunawa a yini."

"Sai ku yi yaya da lambar?"

"Akwai layin da aka ja. A wannan awon, sha huɗu ne. In ta haura, likita ya kwantar da mutum. In tana ƙasa sosai, ya nemi ciwon a wani wuri."

"Na Ɗangoggo nawa ta ce?"

"Sha uku."

"To ai yana ƙasa."

Khairat ta dubi ƙofar ofishin oganta, ta rage murya. "In ka ba injin nan jini ɗaya sau uku, lamba uku zai ba ka. Kusa da juna, amma ba ɗaya ba. Zafin ɗaki yana taɓa shi, sabon kwalin sinadari yana taɓa shi, ko ɗan kumfa a bakin allura. Ba lalacewa ba ce, haka awo yake. A kusa da layin nan yakan yi rawa kamar biyu sama ko biyu ƙasa."

"Ke nan sha ukun nan tana iya zama sha biyar."

"Tana iya zama sha ɗaya ma. Shi ya sa ƙa'idarmu, duk abin da ya faɗi kusa da layi a sake auna shi, kuma a gaya wa likita ba tabbas, ya riƙe mara lafiya ya sake ɗiban jini an jima."

Yamusa ya kalli allurar tana sauka tana tashi. "Ashe shi ma sawu yake bi a laka."

"Baba, nan ba daji ba ne."

Oga Godfrey ne ya fito. Gajeren mutum ne, tsaf-tsaf, farar rigarsa ba ɗigon datti, takalminsa na sheƙi duk da damina. Shekaru da yawa yana wannan aiki, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce bai san abu ba.

"Na ji abin da take gaya maka. Duk gaskiya ne, ni na koya mata. Na yi repeat da hannuna, sha uku ya sake bayarwa. In jinin ya dahu a rana kafin ya iso, wannan ba laifin injina ba ne. Ranar muna da jinin ma'aikatan wani kamfani daga Maitama, cike da ɗakin nan, kuma duk mun sallame su kafin la'asar. Ka tambaya a gari wa ke iya haka."

Yamusa ya ce ya gode. Yana fita ya lura hannun Khairat na rawa a kan murfin injin.

*

Ruwa ya wanke sawu a tsakar gidan, don haka Yamusa bai nemi sawu ba. Ya tsaya bakin tagar ya tambayi kansa: mutumin da ke ɗauke da abu, ba ya son a gan shi daga titi, ina zai bi? Ya bi jikin katanga har inda bulo ya zube, ya ƙetara cikin gonar masara. Ciyawa ta kwanta a wani siririn layi. Kafin idonsa ya ga komai hancinsa ya ji, wani wari mai kaifi irin na wankin asibiti. Can tsakanin kunya biyu ciyawa ta yi fari fat, kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

Ya tona da sanda. Ga kwalaben. Kowace an cire mata murfi, an cika ta da haipo, farin ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta. A gefe ga safar hannu ta roba, an tuɓe ta ciki ya koma waje, ɗaya a cikin ɗaya, an naɗe tsaf.

Ya sha ganin inda ɓarayi suka yar da kaya. Jifa suke yi su ruga. Wannan kuwa tsayawa ya yi a gonar mutane, a tsanake, yana buɗe kwalba ɗaya bayan ɗaya.

Bai kira kowa daga lab ba. Indo ya aika wa. Ta zo da baƙin mayafi, ta tsugunna ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan hannun ɗan aikin lafiya ne," ta ce. "Haka ake koya mana tun ranar farko. Ba a zubar da jini sai an kashe shi da haipo, kar wani ya taka ya ɗauki ciwo. Safar ma haka muke cire ta. In ka daɗe kana yi, hannunka ne ke yi, ko kai ba ka sa shi ba."

"Mai babur zai yi haka?"

"Mai babur a kwata zai watsa."

Ta sa tsinke tana juya kwalaben tana karanta sunayen da ke jiki. Ta bi su duka, ta sake bi. Sannan ta ɗago.

"Ta Yaya ba ta nan."

Wannan ya tsaya wa Yamusa a rai fiye da komai. Don kwalba ɗaya aka fasa taga aka kwashi sauran. Ita ya kamata a fara kashewa. Ita ce kuma aka bari da rai.

*

Haipo a hannun mai shara yake, don haka ya nemi Perpetual. Ya same ta a sito tana matse tsumma, mace mai jiki da baki.

"Ni? Baba, ka duba ni da kyau. Ni zan shiga taga? Taga zai fito da ni?"

"Ban ce ke ba ce. Haipo ɗinki ya ragu?"

"Ya ragu rabi. Na ɗauka Anti Khairat ne ya ɗiba. Ni ban san wane kwalba na wane rana ba, ni dai in share in tafi."

"Lahadi da safe wa ke nan?"

"Ba kowa. Mai gadi yana zuwa coci da sassafe, sai rana ya yi sama yake dawowa. Amma da nake wucewa zuwa namu cocin na ji janareta yana aiki. Na ce ko emergency ne ya zo."

"Ba ki gaya wa 'yan sanda ba?"

"Sun tambaye ni? Innocent kawai suka zo ɗauka."

"Wa ke da makullin gidan nan, kuma ya iya tayar da injin awo?"

"Oga da Anti Khairat. Ni ko taɓa shi ba a bari in yi."

Rumfar janareta tana ƙarshen tsakar gida, an rufa ta da kwano. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi laushi kamar ƙullu, ruwa kuma ba ya kai mata. Yamusa ya tsugunna, sai ya ji ƙirjinsa ya saki. Ga 'yan uwan sawun nan, da yawa, masu shiga da masu fita. Takalmin roba ɗaya ne. A kowane sawu wajen yatsu fanko ne, ƙafar ba ta cika takalmin ba. A kowane sawun hagu kuma dunduniya ta ci ƙasa ta gefen waje. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya bi su har ƙarshe. Wani ya fi wani zurfi, wani ya ɗan goge, amma duk magana ɗaya suke yi.

Ba Innocent ba ne. Wannan ya tabbata. Sauran kuwa da saura.

*

Khairat ce Yamusa ya fara zargi, kuma yana da hujja. Ƙafarta ƙarama ce. Tana da makulli. Ba ta zuwa coci, ba wanda zai lura da rashinta Lahadi da safe. Ita ta jera jinin a inji ranar. Ga kuma rawar hannu.

Ya tare ta a bakin famfo tana alwala, ya jira ta gama, ya faɗa mata haka ɗin ba tare da kwana-kwana ba.

Ta share ruwan da ke fuskarta.

"Baba, na ga sha ukun nan da idona. Injin ma ya sa mata alama. Na je na gaya wa Oga a sake. Ya ce sinadarin ya kusa ƙarewa, ga jinin kamfani yana jira, ya yi musu alƙawarin la'asar. Ya ce mini sha uku ba sha huɗu ba ce, in koma bakin aikina. Na koma. Ban ga ya sake ba. Ban kuma kira likitan ba, ga lambarsa a wayata. Shi ke sa hannuna rawa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zai ɗauki maganata ya bar tasa?"

"Ni ma ba zan ɗauka ba tukuna," in ji Yamusa. "Bakinki ɗaya ne, sawu ɗaya ke nan. Gobe za ki sa takalmin roba ki yi tafiya a gaban mutane. Kin yarda?"

"Na yarda."

*

Washegari da hantsi aka taru a tsakar gidan lab. Alhaji Nasrullahi da 'yan doya, Indo, ma'aikatan wurin, da wani sajan da ya kawo Innocent da ankwa. Yamusa ya sa sanduna ya kewaye tsofaffin sawun. A gefensu ya share ƙasar mai maiƙo ya lallashe ta da allo.

"Kowa zai sa takalmin nan ya je ya dawo," ya ce, "har sai na ce ya isa."

Innocent ya fara. Da ƙyar ƙafar ta shiga. Kowane taki babban yatsa ya huda ƙasa. Ko Musaddiq, da ya leƙa ya kwatanta da tsohon sawun, ya ga ba ɗaya ba ne.

Perpetual ta sa tana mita. "In na faɗi, Baba, kai za ka ɗaga ni." Ta ja ƙafa biyu a ƙasa kamar mai sharar ganye. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Khairat ta tattare hijabinta ta taka. Wajen yatsu fanko, mutane suka fara kallon juna. Yamusa ya ce ta sake. Ta sake, ta kuma sake. Takunta gajere ne, mara nauyi, dunduniyar hagu a kwance daidai kowane karo. Ya ce ta cire.

Oga Godfrey ya ce shi ba zai sa takalmin ɗan acaɓa don wasan ƙauye ba. Sajan ya ce, "Oga, kowa ya sa. Ba zai cije ka ba."

Godfrey ya tuɓe nasa ya ajiye a kan bulo, inda ba laka. Ya sa na roba. Ya tafi a hankali, kai a sama, yana ajiye kowace ƙafa kamar mai ƙetare rafi a kan itace guda. Ya dawo. Wajen yatsu fanko ne, amma dunduniya ta zauna daidai.

"To, ba shi ba ne," in ji Alhaji.

"Sake," in ji Yamusa, ya lallashe ƙasar.

"Ai na yi."

"Sau ɗaya ka yi. Sake."

Ya sake. Yana tsakiyar tafiya Yamusa ya ce, da murya kamar ta mai tambayar farashin gishiri, "Oga, ka taimake ni da abu ɗaya. Wanda ya zo ɓata jini, me zai kai shi tayar da janareta?"

Kafaɗar Godfrey ta motsa. Hankalinsa ya bar ƙafarsa, ƙafar kuwa ta koma halinta. Dunduniyar hagu ta ci ƙasa ta gefen waje. Yamusa ya ce ya sake. Ta sake ci. Ya sake, ta sake. Sajan ya ɗauki takalmin fatar da ke kan bulo ya juya shi. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda.

Yamusa ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara.

"Janareta don injin awo aka tayar da shi," ya ce. "Kwalaben da aka kai gona an kashe su da haipo, yadda ɗan aikin lafiya ke yi ko yana cikin sata. Mai makulli kuwa ba ya fasa taga, sai in yana so a ɗora wa mai takalmin. Kwalbar Ɗangoggo ba ta cikin na gonar. Wanda ya ɗauke ta yana da tambayar da yake son yi mata. 'Yata, in mutum yana son ɓoye kwalbar jini a gidan nan ba tare da ta lalace ba, ina zai sa ta?"

Khairat ta ce, "Cikin sanyi. Akwai ƙaramin firji a ofishin Oga."

Ta shiga tare da sajan da Indo. Ba su daɗe ba. Indo ce ta fito da ita a tafin hannu, 'yar kwalba an ɓare mata suna, sauran danƙon takarda na jiki. Abin da ya rage a ciki bai kai ya jiƙa kan tsinke ba.

"Ɗigo injin yake sha a kowane awo," in ji Khairat. "Ranar na bar abin da zai isa awo uku a ciki."

Indo ta taka har gaban Godfrey, yana tsaye cikin takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa.

"Oga Godfrey, ba zan tambaye ka dalili ba. Ka tambayi jinin yayana. Ni ban samu na tambaye shi ba, ka shanye. Me ya ce maka?"

Godfrey ya dubi ƙofa, ya dubi sajan, ya dubi ƙasa. Da ya yi magana sai da aka matso kafin a ji.

"Sha biyar."

"Sai kuma?"

"Na sake. Sha uku. Na ce to, ga shi nan, ban yi kuskure ba. Da na tsaya a nan. Na kasa. Na sake. Sha shida."

"Ranar da yake da rai fa, sau nawa ka tambaya?"

"Sau ɗaya."

Wasu daga 'yan doya suka yi salati. Musaddiq ya zabura, Alhaji ya tare shi da hannu. Sannan Alhaji ya juya ga Khairat.

"'Yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da an sake ranar, da Ɗangoggo yana nan?"

"Alhaji, rai na Allah ne. Ban tabbata ba. Abin da na sani, da likita bai sallame shi ba. Da a gadon asibiti abin ya same shi, ba a kan doya ba."

Sajan ya ciro makulli ya kwance ankwar daga hannun Innocent. Innocent ya tsaya yana murza wuyan hannunsa, ya rasa wanda zai kalla. Alhaji Nasrullahi ya je gabansa ya cire hula, a gaban yaransa duka, ya ce, "Mun zalunce ka. Ka yafe mana." Innocent ya ce ba komai, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Yamusa ya ɗauki sandarsa. Musaddiq ya biyo shi bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya fara cewa, "Baba, maganar tabarau ɗin nan..."

"Ka sayo," in ji Yamusa. "Idona ya fara gajiya da gaske."

*

To, ga abin da Godfrey ya girba. Hukumar da ke ba su izinin aiki ta karɓe takardarsa, ba zai sake tsayawa gaban injin awo ba a ƙasar nan. Masu lab ɗin sun kore shi, sun karɓe gidan da suka ba shi, matarsa ta kwashe yara ta koma wurin iyayenta. Kujerarsa ta gaba a coci, inda yake zama cikin dattawa, wani ke kai yanzu. Ɗakin da aka kulle Innocent, a ciki ya zauna har aka kai shi gaban alƙali, kan fasa taga, ɓata shaida, da ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Khairat ma an ja mata kunne kan shirun da ta yi, ta karɓa ba gardama, kuma har yau in lamba ta matso kusa da layi ita da kanta take kiran likita.

Abin da aka nema a wurinsa ranar bai taka kara ya karya ba: ɗigon sinadari guda, da ya ɗaga waya ya ce wa likita, "Ban tabbata ba, ka riƙe shi." Ya ga wannan ya fi ƙarfin girmansa. Daga baya ya auna jinin har sau uku, a ɓoye, da safiyar Lahadi, lokacin da mai jinin yake kwance a maƙabarta.